Guringuntsin roba a gyaran hanci: amsa ga wata 'yar'uwa daga Jos

"Assalamu alaikum Likita. Ni budurwa ce 'yar shekara 27, ina zaune a Jos. Tun ina firamare ake tsokanata da hanci, karan hancina a kwance yake, ko tabarau ba ya zama. Na ɗan tara abin da na tara, sai wata mata a Abuja mai haɗa mutane da asibitocin ƙasar waje ta ce mini akwai 'guringuntsin roba' da ake sakawa, minti 40 an gama, ba a yanka haƙarƙari ko kunne, kuma har abada ne. Abin da ya sa hankalina ya karkata gare shi, ina da tabon da ya kumbura a kunnena tun da na yi huji na biyu, ina tsoron a yanke ni a wani wuri ya sake yin haka. Don Allah mene ne gaskiyar wannan roba, kuma wace shawara za ka ba ni?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malama, sau biyu na karanta saƙonki, kuma inda na tsaya shi ne maganar tabon kunne, don ita ce ta sa amsarki za ta bambanta da wadda zan ba wata. In na fahimce ki, so kike ki san ko wannan abu yana zama lafiya a jikin mutum, da kuma ko mai jiki irin naki, wanda tabo ke tashi ya yi tudu, gara ta karɓe shi da a yanko mata nata. Aikina kunne ne da hanci da maƙogwaro a nan Abuja, kuma a harkar roba na fi shiga ɗakin tiyata don cirewa fiye da don sakawa. Ki riƙe wannan a ranki yayin da kike karanta ni, domin mai gyaran mota ba ya ganin motocin da ke tafiya lafiya a titi.

Sunan ma da gyara

Guringuntsi abu ne mai rai. Ki kama kunnenki ki lanƙwasa ki saki, shi ne ya komo da kansa. Babu jijiyar jini a cikinsa, daga ruwan naman da ke kewaye da shi yake tsotsar abinci, shi ya sa ake iya yanko shi daga wuri guda a dasa a wani ya rayu. Wanda waccan mata ke talla kuwa 'yan kasuwa ne suka raɗa masa sunan guringuntsi don ya yi daɗin ji. Roba ce da aka sarrafa a masana'anta, kuma iri uku aka fi sani.

Akwai silikon, mai santsi, mai laushi kamar sulalliyar kaza. Shi ne ya fi yawa a Koriya ta Kudu da Sin da Tailan, inda mutane da yawa ke neman a ɗaga musu karan hanci. Jiki ba ya haɗuwa da shi ko kaɗan, sai dai ya saƙa masa wata siririyar jaka ya kewaye shi, kamar yadda ake yi wa baƙon da ba a yarda da shi ba ɗaki a zaure. Akwai Gore-Tex, wanda Bob Gore ya gano a Amurka a 1969, abin da ake yin rigunan ruwa da shi, likitoci kuma suka daɗe suna yin bututun jini da shi. Yana da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, nama kan ɗan kama shi. Na uku shi ne Medpor, mai tauri, ƙofofinsa sun fi na Gore-Tex girma nesa ba kusa ba, har nama da jijiyoyin jini su ratsa cikinsa su zauna.

Kowane da inda yake cizo. Silikon na iya gocewa ya karkace, amma ranar cirewa ba ya gardama. Medpor ba ya motsi, amma ranar da ya ruɓe sai an sassaƙe shi tare da naman mutum. Na taɓa shafe fiye da sa'a biyu ina ɓanɓare shi gutsure-gutsure daga hancin wani bawan Allah, kamar mai cire cingam daga gashin yaro, kuma duk gutsuren da ya fito da ɗan nama a jikinsa.

Neman abin da za a cika hanci da shi ba yau aka fara ba. Malamai suna kawo hadisin Arfaja ɗan As'ad, wanda aka sare wa hanci a yaƙin Kulab tun zamanin jahiliyya, ya sa na azurfa ya yi masa wari, Manzon Allah (SAW) ya umarce shi ya sa na zinare. Abu Dawuda da Tirmizi da Nasa'i duk sun ruwaito shi. Hukuncin gyara don ado kawai, da bambancinsa da gyaran aibi, wannan fagen malamai ne, su za ki tambaya. Ni abin da ke ɗaukar hankalina a ƙissar shi ne warin nan. A Turai, wajen ƙarshen ƙarni na 19 da farkon na 20, an yi ta ɗura wa mutane narkakken kakin farafin a hanci, daga baya ya dunƙule ya ɓata fuskoki. Likita Jacques Joseph na Balin, wanda ake ɗauka uban tiyatar gyaran hanci ta zamani, har hauren giwa ya yi amfani da shi. Robar yau ta fi waɗannan duka, babu tantama. Amma halin hanci na nan yadda yake.

Abin da ya sa hanci ba ya son baƙo

Ana saka ƙarfe a cinya, ana saka roba a jijiyar jini, su shekara ashirin ba a ji ɗuriyarsu ba. To me ya sa hanci ya fita daban? Saboda babu wurin ɓuya. Ta sama fata ce kawai ta lulluɓe abin, ta ƙasa kuma 'yar tantanin cikin hanci ce, inda majina da ƙwayoyin cuta suke kwana su tashi. Ga shi kuma shi ne gaba a fuska: goshin jariri ya buge shi, murfin mota ya buge shi, a yi mura a murza shi.

In ƙwayar cuta ta samu ta hau kan roba, sai ta yi wa kanta wani yauƙi ta lafe a ciki. Maganin da kike sha ta jini yake tafiya, roba kuwa ba ta da jini. Shi ya sa za ki ga ana ta shan magani kumburi ya sauka, a daina ya dawo, har a gaji a cire. Kuma ba lallai ne a watan farko ba. Akwai mai shekara biyar, akwai mai goma, wata rana kawai ta tashi ta ga hanci ya yi ja.

Bari in ba ki labarin wata da ba na mantawa. Ta zo mini da takunkumi a fuska a lokacin da kowa ya riga ya ajiye nasa. Da ta sauke, sai ga ɗan ɗigo ja a tsinin hancinta, bai fi ƙwayar gero ba, fatar wurin tana sheƙi kamar leda. Ta ce ƙurji ne, wata uku tana shafa masa mai. Da na haska fitila, farin silikon nake hangowa ta ƙarƙashin fatar. Irin mai lanƙwasa aka sa mata, wanda ya taso daga tsakanin ido, ya bi karan hanci, ya karya kwana a tsini ya sauka. Wannan kwanar ce take tokare fata dare da rana, kamar sandar da aka kafa wa rumfa, har fatar ta sirance. Cirewar ba ta ɗauke ni minti goma ba, sulɓewa ya yi kamar ƙwallon dabino. Amma ramin da ya bari a tsinin yana nan, kuma sai da muka jira watanni masu yawa kafin mu sake gina mata da haƙarƙarinta, wato abin da ta guda tun farko. Tsugune ba ta ƙare ba, an sayar da kare an sayi biri.

Akwai kuma wata matsala da ke zuwa a hankali. Jakar nan da jiki ya saƙa, musamman in an sha fama da ruɓewa, takan tsuke ta ja tsinin hanci sama, hanci ya gajarce, ƙofofinsa su fito fili. Gyaran wannan yana cikin mafi wuyar ayyukanmu. Don haka kalmar "har abada" da aka faɗa miki, ki ajiye ta gefe. Mutane da yawa suna rayuwa da silikon shekaru masu yawa lafiya ƙalau, wannan gaskiya ne, kuma ba zan ɓoye miki ba. Amma mai shekara 27, in Allah ya ba da tsawon rai, shekara hamsin take nema daga wannan roba, kuma babu likita mai tsoron Allah da zai sa hannu a kan haka.

Irin hancinmu

Yawancin masu zuwa da buƙata irin taki, fatar hancinsu na da kauri da maiƙo, guringuntsin tsini kuma gajere ne mai laushi. Kaurin fata na da amfani guda: yana ɓoye gefen roba, ba a ganin layinta kamar yadda ake gani a masu siririyar fata. Amma yana da nauyi, kuma ba ya miƙewa yadda ake so. Sai likita mai gaggawa ya sa babbar roba don canji ya fito a hoto, fata ta ɗaure tamau, daga nan matsala ke farawa.

Sai wata tambaya da nake yi wa kowace mace a ofis, kuma ba don cin fuska ba: wane mai kike shafawa? Mayukan bilicin da yawa, har da haɗe-haɗen da ake sayarwa a robobi marasa suna, akwai sinadarin sitiroid a ciki. Yana sirantar da fata, yana hana ciwo warkewa, yana buɗe wa ƙwayoyin cuta ƙofa. Fatar da ta sha wannan, ba na sa mata roba ko da wane irin kuɗi aka zo. Haka mai shan shisha ko taba, da mai ciwon sukarin da bai daidaita ba. Mai sikila kuma maganarta ta daban ce tun daga wurin allurar barci.

Naki na jikinki

Wuri uku muke samowa. Na farko shamakin da ya raba ƙofofin hanci biyu. Ana ɗebo tsakiyarsa ta cikin hanci, a bar aƙalla santimita 1 ta sama da ta gaba don hanci kada ya rufta. Miƙaƙƙe ne, mai ƙarfi, kuma babu tabo a waje. Aibinsa ɗaya: a irin hancinmu sau da yawa ɗan kaɗan ne, ya isa a tokare tsini amma ba ya isa a ɗaga kara sosai. Na biyu kwarmin kunne, mai laushi da lanƙwasa, ya fi dacewa da ƙananan cike-cike. Na uku haƙarƙari, galibi na 6 ko na 7, inda ake samun mai yawa mai ƙarfi.

Haƙarƙari ma ba waliyyi ba ne. Ƙirji kan yi ciwo na kwanaki, ki ji shi in kin yi tari ko dariya. Akwai ɗan haɗarin huda tantanin huhu. Aikin na ɗaukar sa'o'i, kuɗinsa ya fi yawa. Ga shi kuma yana da halin ɗanyen katako, yana iya lanƙwashewa bayan an feƙe shi. Tun 1958 wasu likitoci biyu, Gibson da Davis, suka nuna cewa sai an feƙe ɓangarorin daidai wa daida kafin ya tsaya a miƙe. Ni nakan feƙe shi tun farkon aiki in jefa a kwanon ruwan gishiri, in ci gaba da wani abu, bayan kamar rabin sa'a in dawo in ga inda ya nufa. Wanda zai karkace yakan fara nuna halinsa a kwanon. Wata dabarar ita ce a yayyanka shi ƙanana kamar tsakin masara, a naɗe cikin wata fatar nama da ake ɗebowa daga gefen kai, a shimfiɗa a kan karan hanci. Wannan ba ya karkacewa, sai dai wani lokaci yakan ɗan ragu.

Ladan duk wannan wahala shi ne, in ya kama ya kama. Ya zama jikinki, in cuta ta taɓa shi magani na isa wurin, kuma da wuya ƙwarai ya huda fata ya fito.

Za ki iya jin labarin haƙarƙarin mamaci da ake tsabtacewa a adana a sayar wa asibitoci. Ana amfani da shi a wasu ƙasashe, yana hutar da mutum yankan ƙirji, amma yakan narke a hankali a jikin wasu, kuma da yawa daga mutanenmu ransu ba ya kwanciya da shi. Guringuntsin da ake renonsa a ɗakin gwaji kuwa akwai shi: a 2014 likitocin Jami'ar Basel a Suwizalan sun ba da rahoton mutum biyar da suka gyara wa gefen hanci da irinsa, bayan cire musu ciwon dajin fata. Amma daga ƙwayoyin jikin marasa lafiyar aka rene shi, kuma ba shi ne abin da dillalai ke tallatawa a WhatsApp ba.

Maganar tabonki

Tsoronki na kan hanya. Irin tabon da ya zarce inda aka ji ciwo ya ci gaba da girma, wanda muke kira kiloid, ya fi yawa a baƙar fata, kuma wuraren da ya fi so su ne kunne da ƙirji da kafaɗa. Kin ga kuwa biyu daga ciki nan ne muke ɗebo guringuntsi. Tsakiyar fuska, da hanci kansa, da wuya ya yi. Saboda haka kunnenki ni ba zan taɓa shi ba. Ƙirji kuma sai an zauna an auna: yankan mata a ƙarƙashin mama ake ɓoye shi, santimita 3 zuwa 4, nesa da tsakiyar ƙirji inda kiloid ya fi tashi, ana kuma bin sa da allura da manne na musamman. Duk da haka haɗarin bai gushe ba.

Sai dai ban ga tabon ba. Ba kowane tabo mai tudu ne kiloid ba, wani kan tashi ya tsaya iya ciwon, ya kwanta da kansa bayan shekara ɗaya ko biyu. Ban kuma taɓa hancinki na ji kaurin fatar ba, ban leƙa na ga girman shamakin ba, ban san ko kina numfashi sosai ta ƙofa biyu ba. Waɗannan ba a gane su ta saƙo ko ta hoto, kuma duk wanda ya yanke miki farashi daga hoto kawai, ciniki yake yi.

Da za ki zauna a gabana, in na tarar kiloid ne na gaske, fatarki lafiyayya ce, ba a taɓa yi miki aiki a hanci ba, kuma ɗagawa kaɗan kike so, ga abin da zan ce. Tsini a gina shi da guringuntsin shamakinki, roba kada ta kusance shi. Kara kuma, in shamakin bai isa ba, siririn silikon miƙaƙƙe, wanda bai kai tsini ba, da aka feƙe daidai ƙashinki aka zura ƙarƙashin tantanin ƙashi, ba hauka ba ne. Zaɓi ne da likitoci na ƙwarai ke yi, kuma ke kina cikin 'yan kaɗan da zan iya yarje wa. Na zaɓi silikon a kan Medpor ne saboda dalili guda, in ta ɓaci yana fita salin alin. Silikon mai lanƙwasar nan da ke karya kwana a tsini kuwa, ko kyauta aka ba ki kada ki karɓa. In kuma babban canji kike nema, to roba ba za ta ɗauke shi lafiya ba, sai haƙarƙari ko haƙuri.

Wata ƙila a ce miki ga allura, ba sai an yi tiyata ba. Wadda ake yi da sinadarin hayaluronik tana ɗaga kara na ɗan lokaci, tana narkewa da kanta, akwai kuma maganin narkar da ita. Amma jijiyoyin jinin hanci a haɗe suke da na ido, in allura ta faɗa cikin ɗaya mutum na iya makancewa nan take. Hausawa sun ce abin da ya taɓa hanci ido kan yi ruwa, a nan maganar ta wuce karin magana. Wannan ba aikin shagon kwalliya ba ne. Ruwan silikon kuwa kada ki bari a ɗura miki, ba ya ciruwa.

Wa zai yi, wa zai duba ki bayan an yi

Wannan ya fi damuna fiye da irin robar. Matar nan ta Abuja kamasho take ci, ranar da jirginki ya sauka Abuja aikinta ya ƙare. In hanci ya yi ja bayan wata takwas kina Jos, wa za ki nufa? Yawancin waɗanda na cire wa roba ba su san sunan abin da ke hancinsu ba, babu takarda, lambar wayar ma ta daina shiga. Kafin ki biya ko sisi, ki je sashen kunne, hanci da maƙogwaro ko na tiyatar gyaran jiki a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos, a duba tabon da hancin. Mai duba ki a can ba shi da abin sayar miki. In a gida za a yi, ki tabbata likitan na da rajista da Hukumar Likitoci ta Nijeriya, MDCN, kuma ƙwararre ne a wannan fanni, ba wanda ya je kwas na mako biyu ba. Ki tambaye shi wa zai ba ki allurar barci. In a waje ne, ki nemi sunan likitan da kansa, ki yi magana da shi baki da baki, ki dawo da rahoton aikin a rubuce da takardar robar mai ɗauke da sunan kamfani da lambarta. Ki kuma ce ya nuna miki hotunan masu fata irin taki bayan shekara guda, ba bayan mako guda ba.

In an yi, abin ɗaurin da ke kan hanci kan yi kamar mako guda. Ba a face majina na mako biyu ko fiye, don haka shaƙa ruwa da facewa a alwala sai ki tambayi malami yadda za ki yi tun kafin ranar, haka sujada, domin ba a son nauyi a kan hanci a makonnin farko. Tabarau ɗin da kike son ya zauna ma sai ya jira mako 4 zuwa 6. Kumburin fata mai kauri kan kai shekara, wani har shekara ɗaya da rabi, saboda haka in da biki a gabanki ki yi lissafi. Kuma da ni ne ke, ba zan sa ranar aiki ta faɗo tsakiyar hunturun Jos ba. Sanyin Disamba da Janairu da ƙurarsa suna busar da cikin hanci har ya tsage ya yi haɓo, ga mura ga atishawa, ga sabon ɗinki a ciki. Ki bari sai iska ta yi laushi, ki kuma tanadi ruwan gishirin fesawa a hanci tun kafin ki dawo gida.